Kayan bikin 'yancin Pakistan, daga sherwanin Jinnah zuwa kore da fari

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina da tambaya ga waɗanda suka san Pakistan ko suka taɓa zama can. Kun san dai harkata saro riga da wando 'yan Pakistan ne, to duk shekara da Yuli ta zo ƙarshe sai in ga hotunan da dilata take turo min sun rikiɗe gaba ɗaya sun koma kore da fari, riga koriya wando fari gyale fari, ko farar riga da aikin koren zare a wuya, har na jarirai akwai. Na tambaye ta tace kayan 14 ga Agusta ne, ranar 'yancinsu. Abin da nake son sani tun asali haka suke yi ko 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro musu daga baya? Don ni abin ya min kama da a ce ƙasa guda ta fitar da anko.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. A'a Maman Ilham wannan kore da farin na baya-bayan nan ne. Na yi karatu a Islamabad, abin da na gani a tsofaffin hotunansu kuma na ji daga dattawa shine a farkon ƙasar ba kala ake dubawa ba, ɗinki ake dubawa. Ki ɗauki Muhammad Ali Jinnah, jagoran da ya kafa ƙasar, da suke kira Quaid-e-Azam wato babban jagora, lauya ne da ya yi karatu a Landan, yawancin rayuwarsa kwat da taye yake sakawa har an san shi da tsadar kwat. Sai a taron jam'iyyarsa ta Muslim League na Lucknow a 1937 ya fito da sherwani, doguwar rigar nan mai tsayayyiyar kwala da maɓallai tun daga wuya, ya ɗora hular fatar ɗan tunkiya da ake ce wa karakul. Tun daga nan hular ta koma hular Jinnah har gobe. To da aka samu ƙasa a 1947, duk mai son ya nuna shi ɗan Pakistan ne a wajen taro sherwani da hular nan zai nema, baƙa ce ko fara ko ruwan toka babu ruwan kowa. Kore yana kan tuta ne kawai. Ko takardar kuɗinsu kika duba yanzu, Jinnah da sherwani ne a jiki.

Baba Tela:
Sherwani ai ba rigar kowa ba ce yarana. Na sha ɗinka wa angwaye irinta a nan, aiki ne na kwat ba na kaftani ba, sai ka sa shafi, ka sa kanbas a ƙirji don ta tsaya, ka ɗaga kafaɗa, ita kuma kwalar in ka ƙara mata ko rabin inci sai ta shaƙe mutum in ka rage ta kwanta ta lalace. Yadin ma sai mai nauyi, marar nauyi baya karɓarta. To ka gaya min manomi a ƙauye ko wanda ya yi gudun hijira daga Indiya da ɗan ƙullin kayansa a ka, ina ya ga kuɗin wannan a 1947? Ni a ganina kayan manya ne kawai, talaka da abin da ke jikinsa ya yi murnar 'yancin.

Hajiya Malama:
Baba Tela ka yi gaskiya. Bari in kawo na mata tunda Abu Sumayya maza kawai ya faɗa. Mu da muka yi makarantar kwana ta 'yan mata a shekarun 1970 malamanmu na lissafi da kimiyya da yawa 'yan Pakistan ne da 'yan Indiya. Akwai wata malamarmu 'yar Karachi, ranar aiki riga da wando take sakawa, amma ranar rabon kyaututtuka wallahi sari take ɗaurawa, ruwan ƙwai mai bakin zinare, ta soke tattarar da ɗan fil a kafaɗa, mu kuma mu yi ta leƙe muna son mu ga yadda abin baya zamewa. A falonta na ga hoton Fatima Jinnah ƙanwar Jinnah, siririyar tsohuwa da farin gashi da fararen kaya da mayafi a ka, ita ce ta tsaya takara da shugaban ƙasa Ayub Khan a zaɓen 1965. Sai kuma Begum Ra'ana matar Liaquat Ali Khan firaministansu na farko, ita gharara aka santa da shi, wando ne amma daga gwiwa yake buɗewa da tattara mai yawa har ka ɗauka siket ne, ana haɗa shi da gajeriyar riga da dogon gyale. Da shi ta je Amurka da mijinta a 1950, ita ce kuma ta kafa ƙungiyar mata ta APWA a 1949. Malamar tamu ta ce a zamanin iyayenta in mace za ta taron ƙasa to gharara ko sari, shine cikar shiga.

Maman Ilham:
Hajiya sari kuma? Ni wallahi na ɗauka sari na Indiyawa ne zalla, ban taɓa ganin dilata ta turo ko guda ɗaya ba.

Abu Sumayya:
Ai kar ki manta har 1971 Bangladesh ɗin nan ita ce Pakistan ta Gabas, kuma mutanenta sun fi na Yamma yawa, matansu kuwa sari ne kayansu na yau da kullum, Musulmi ne fa. Sannan waɗanda suka taso daga biranen Indiya suka sauka Karachi su ma da sarinsu suka zo. Saboda haka a shekarun 1950 da 1960 in kin ga hoton liyafar ranar 'yanci, maza kwat ko sherwani mata sari ko gharara. Zamanin Ayub Khan ma abin har ya fi karkata wajen Turawa, kamfanin jirginsu PIA a 1966 Bafaranshen nan Pierre Cardin suka ɗauko ya zana wa ma'aikatansu mata yunifom, gajeriyar riga da tsukakken wando da ɗan mayafi, kuma 'yan matan birni suka kwaikwaya. Wanda ya juya akalar shine Zulfikar Ali Bhutto da ya karɓi mulki bayan ƙasar ta rabe. Shi ma ɗan masu kuɗi ne mai kwat, amma in zai hau dandamali sai ya saka shalwar kamis, wato riga da wandon nan, irin na direba da ɗan dako, ya naɗe hannun riga, suna ce masa kayan talakawa. Kafin shi manyan birni raina kayan suke, wai na ƙauye ne da masu aikin gida. Shi ya sa minista ya daina jin kunyar fita da su.

Abu Huzaifa:
Malam Abu Sumayya ka tsallake wanda ya yi babban aikin. Janar Ziya'ul Haq, shugaban mulkin soja da ya zo bayan Bhutto, shi ne ya tsayar da abin ya zama doka, a farkon shekarun 1980 ya ce ma'aikatan gwamnati su riƙa zuwa ofis da kayan ƙasa, shi kansa in ba kakin soja ba to baƙar sherwani da farin wando. Masu karanta labarai mata a talbijin ɗin gwamnati aka ce su rufe kansu. Ƙasar da aka kafa da sunan Musulunci a ce manyanta suna bikin 'yanci da taye ɗin wanda ya mulke su, ai bai yi tsari ba. Ni ina ganin duk abin da za a ce a kan mulkinsa, wannan kam ya kyauta, ya dawo wa mutane da suturarsu. Riga da wandon da Maman Ilham take sayarwa yau albarkacin wannan lokacin ne suka zama na kowa.

Dakta Ummi:
Malam Abu Huzaifa da girmamawa ban yarda ba. Ina Lahore yanzu haka ina karatun likita, kuma wannan zancen mun sha yin sa da iyayen ƙawayena. Shalwar kamis ba Ziya ne ya ba mutane ba, mutanen Punjab da Pashtun da Baloch da Sindh suna sakawa tun kafin a haife shi, kuma ko a siyasa Bhutto ya riga shi kamar yadda aka faɗa a sama. Bambancin shine ɗaya ya saka mutane suka gani suka so, ɗaya kuma takarda ya fitar daga ofis. Kakar wata ƙawata har yau sarinta suna nan a akwati a naɗe cikin farin ƙyalle da ƙwayoyin kafur, ta ciro ta nuna min, ta ce a waɗannan shekarun ne aka fara yi mata kallon kamar ba 'yar ƙasa ba in ta ɗaura, alhali da shi ta tsallako iyaka a 1947 tana yarinya ta bar gidansu da komai saboda Pakistan ɗin. Tana sallarta tana azuminta. To wa ya isa ya ce mata kishin ƙasarta bai cika ba don yadi mai tsawon yadi shida? Abin da ya ɓata min rai kenan, an ƙuntata ma'anar kayan ƙasa har waɗanda suka sha wuyar kafa ta suka koma baƙi.

Abu Huzaifa:
Dakta Allah ya ba tsohuwa lafiya, ban ce ba 'yar ƙasa ba ce. Amma shugaba yana da haƙƙin ya tsara yadda ma'aikatansa za su fito, ko'ina ana yi. Kuma ki lura bayan rasuwarsa a 1988 babu wanda ya koma baya, duk shugabannin farar hula da suka biyo baya da sherwani ko shalwar da falmaran ake ganinsu ranar 14 ga Agusta. Da abin bai kwanta wa mutane ba da tuni sun yar.

Hajiya Malama:
Kun ga ku biyun kun manta da wadda ta haɗa zancen Maman Ilham. Ranar 2 ga Disamba 1988 da aka rantsar da Benazir Bhutto, mace ta farko da ta shugabanci gwamnati a ƙasar Musulmi, shekarunta 35, me ta saka? Koriyar riga da farin mayafi a ka. Tutar ce sak a jikin mutum. Ni na ga hoton a jarida lokacin ina koyarwa, na yanke na manna a allon sanarwa don 'yan matana su gani. Farin mayafin nan kuma bata rabu da shi ba har aka kashe ta a Rawalpindi a 2007. Ban ce ita ta fara ba, amma ni a nan na fara ganin babba ya saka kalar tuta da gangan.

Sadiq Kurket:
Mama Hajiya ki yi haƙuri in sa baki, ni a wajena kurket, wasan ƙwallon nan da ake bugawa da katako, shi ne ya shigar da kore jikin talaka. Kun san can kurket ya fi ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Da a gasar cin kofin duniya duk da fararen kaya ake bugawa, ta 1992 ita ce ta farko da aka saka kaya masu kala, Pakistan ta fito da kore mai haske kamar ɗanyen lemun tsami, kuma suka ci kofin, ranar 25 ga Maris a Melbourne suka doke Ingila, Imran Khan ne kyaftin. Cikin azumi ne ma. Daga nan jesin ya zama abin alfahari, yaro baya buƙatar tela baya buƙatar kanbas ɗin Baba, ya sayi jabun jesi a bakin titi ya zura shikenan ya zama ɗan kishin ƙasa. Aka ƙara cin kofin duniya na gajeren wasa da ake kira T20 a 2009, aka doke Indiya a wasan ƙarshe na Champions Trophy a 2017 a Landan, duk lokacin da aka yi irin wannan sai koren ya ƙara shiga gari. Yanzu ranar 14 ga Agusta samari da yawa jesin ƙungiyar ƙasa ne kayan bikinsu, da wandon jins. Shi Imran ɗin kuma da ya zama firaminista a Agustan 2018 baƙar sherwani ya saka aka rantsar da shi, ya koma wa ta Jinnah, takalmin fatar Peshawar da yake yawan sakawa har sunan kyaftin aka laƙaba masa a kasuwa.

Abu Sumayya:
Sadiq ka tuna min da mutum ɗaya da in ka bi rayuwarsa ka ga duk canjin nan. Junaid Jamshed. A 1987 yana saurayi ɗan gayu da jins a ƙungiyar Vital Signs suka yi Dil Dil Pakistan, waƙar da har yau ba a 14 ga Agusta ba a sa ta ba, a mota a shago a makaranta. A lokacin Ziya fa aka yi ta, wato ana cewa a saka kayan ƙasa a ofis amma samarin birni suna nuna son ƙasa da jita da jins. Daga baya ya bar waƙa ya shiga Tabligh ya tsayar da gemu, ya buɗe kamfanin kaya mai suna J. wanda ya shahara da kurta da shalwar, wato riga da wando, na maza. Ya rasu a hatsarin jirgi a Disambar 2016 yana dawowa daga Chitral, Allah ya jiƙansa. To irin waɗannan kamfanonin ne amsar tambayar farko. Khaadi ya fara a 1998 a Karachi da saƙar hannu, ga Gul Ahmed ga Alkaram ga Sapphire, da suka cika birane da shagunan kayan da aka riga aka ɗinka, sai kowane lokaci na shekara ya samu nasa kayan, na bazara na Sallah na hunturu, to me zai hana na 'yanci. Ga kuma tashoshin talbijin masu zaman kansu da suka yawaita daga 2002, masu gabatar da shirin safe su fito cikin kore da fari tun farkon Agusta, mata na gida suna kallo.

Dakta Ummi:
Bari in ba ku yadda abin yake a ido. Tun wajen 1 ga Agusta rumfuna suke tsirowa a bakin titi, kasuwannin Lahore irin su Anarkali da Liberty da wajen Urdu Bazaar ba a magana, amma ko ƙaramar unguwa sai kin ga mai tebur. Abin da ke kan teburin: tuta manya da ƙanana, 'yan tutocin takarda da ake jerawa a zare a zagaye gida da su, bajo na maƙalawa a ƙirji wani har da ɗan wuta mai ƙyaftawa, awarwaron gilas kore da fari, tabarau kore, hular roba, gashin kanti kore, rigunan yara da jinjirin wata da tauraro a gaba. Sai mabusar robar nan da suke ce wa baja, wallahi ita ce azabar watan, tun kwana goma kafin ranar yara ke busawa har cikin harabar asibiti kana ji. Daren 13 ga wata samari su cire salansar babur su cika titi, fuska rabi kore rabi fari, wasu sun ɗaura tuta a wuya tana kaɗawa a baya, mu kuma a sashen gaggawa mun san daren nan babu barci saboda karaya da raunin harsashin masu harba bindiga sama. 'Yan mata su kam abin nasu da tsari, farar kurta ta lawn, yadin audugar nan marar nauyi don Agusta a Lahore zafi ne da gumi na damina, koren gyale, awarwaro, lalle, wata ta sa jan farce kore. Makarantu su ce yara su zo da kore da fari, a yi wa wani yaro shigar Jinnah da 'yar sherwani da hula ta yi masa yawa tana rufe masa ido, wata yarinya a shafa mata hoda a gashi ta zama Fatima Jinnah. Ka ga sherwanin da ya zama kayan manya a da, yanzu a jikin 'yan firamare aka fi ganinsa ranar. Abin da na fi so shine washegari, za ki ga yara da manya suna bi suna tsince tutocin takarda da suka faɗi ƙasa don kar a taka.

Nura Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne amma gaskiya ɗaya ce, wannan ba kishin ƙasa ba ne ciniki ne. Ana kiran abin rangwamen Azadi, wato rangwamen 'yanci, wani ya ce ya sauke kashi 14 cikin 100 don ranar 14 ce, alhali kayan bazara ne da suka yi kwantai ake son a kwashe kafin na hunturu su shigo, mun san wannan dabarar. Kuma yawancin tarkacen roba da Dakta ta lissafa daga Chana ake shigo da su, ƙasar da ke noma auduga, ga Faisalabad cike da masaƙu, fiye da rabin abin da take fitarwa waje yadi da tufafi ne, amma abin murnar 'yancinta sai an yo mata odarsa. Sannan ku tuna 2022 da suka cika shekara 75, a wannan Agustan ne ambaliya ta cinye Sindh da Balochistan, mutum miliyan 33 abin ya shafa, sama da 1,700 suka mutu, audugar ma ta tafi. Shekara ta zagayo a Mayun 2023 hauhawar farashi ta kai kashi 38. Uba mai yara biyar makaranta ta ce kowa ya zo da sabon kore da fari na kwana ɗaya, ku gaya min wannan murna ce ko ɗawainiya.

Maman Ilham:
Alhaji Nura maganar kwantai gaskiya ne don bayan 14 ga wata dilata har rabin kuɗi take saukewa. Shi ya sa ma na yi tunanin ko in kwaso in ajiye wa 1 ga Oktoba tunda mu ma kore da fari ne, iyaye suna nema wa yara na makaranta. Matsalar koren nasu ya fi namu duhu sosai, kuma yawanci akwai wata da tauraro a jiki, ka ga ba zai yiwu yaro ya je faretin Najeriya da tutar wata ƙasa a ƙirji ba.

Baba Tela:
'Yata ki zaɓi marasa tambari kawai, farar riga da koren gyale babu wanda zai ce miki komai. Amma Alhaji Nura ina da ja a maganarka. Na faɗa a sama sherwani ta fi ƙarfin talaka, to yanzu fa? Mai gyaran takalmi ya sayi bajo ɗaya ya maƙala a tsohuwar rigarsa, ko uwa ta yanko koren ƙyalle ta ɗaura wa 'yarta a ka, sun shiga biki daidai da minista. Da sai mai hali ke iya shigar ƙasa, yanzu kala ce, kala kuma ko a rini ana samunta. Don 'yan kasuwa sun ci riba a ciki ba shi ke nuna son da yaron yake yi wa ƙasarsa ƙarya ba ne.

Nura Kwari:
Baba na ji, bajo ɗaya ba komai. Ni da kamfanonin da ke sa mace ta ji kunyar maimaita rigar bara nake.

Abu Sumayya:
Akwai kuma wani ɓangaren da ba mu taɓo ba, ba kowa ne kore da fari ya ishe shi ba. A 2009 wani mai shiri a talbijin ya soki Shugaba Asif Ali Zardari don ya saka hular Sindh a tafiyar aiki ƙasar waje, mutanen Sindh suka ji haushi suka fito kwansu da kwarkwata da hular da ajrak, mayafin nan mai bugun hannu ja da shuɗi mai duhu, daga nan ya zama biki duk Lahadin farko na Disamba. Baloch su ma suna da ranar al'adarsu 2 ga Maris, da wandonsu mai cin yadi da rawani. Shi ya sa yanzu a bikin makarantu na 14 ga Agusta za ka ga an jera yara kowa da shigar lardinsa, mai ajrak, mai hular pakol ta Chitral, mai rigar Baloch da aikin madubi, sannan a ba kowa tuta a hannu. Kuma kar mu ɗauka ko'ina wasa ne, a Quetta babban birnin Balochistan an sha jefa gurneti kan rumfunan masu sayar da tuta gab da ranar, saboda rikicin 'yan aware. Akwai inda saka koren nan sai mai ƙarfin hali.

Dakta Ummi:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke cina game da farin. Tutar nan ranar 11 ga Agusta 1947 majalisa ta amince da ita, Liaquat Ali Khan ne ya gabatar, kuma farin da ke gefen sanda, kashi ɗaya cikin huɗu na tutar, an sa shi ne don waɗanda ba Musulmi ba, Kirista da Hindu da Sikh da Parsi. A ranar ne kuma Jinnah ya yi jawabin da ya ce kowa yana da 'yancin zuwa wajen ibadarsa, addinin mutum ba ruwan gwamnati da shi. Ministan shari'arsu na farko Jogendra Nath Mandal Hindu ne, A. R. Cornelius Kirista ya yi alƙalin alƙalai daga 1960 zuwa 1968. Nas-nas da yawa da nake aiki da su Kiristoci ne, ranar 14 sun fi kowa ado, akwai wadda take ɗinka wa 'ya'yanta uku kaya iri ɗaya duk shekara ta kawo mana hoto a waya. To a 2023 kwana biyu kacal bayan bikin, ranar 16 ga Agusta, aka ƙona coci-coci da gidajen Kiristoci a Jaranwala kusa da Faisalabad, tutocin bikin ko saukewa ba a gama yi ba. Ni tun daga lokacin in na ga farin wando da farin gyale a shago sai in ce anya masu saye sun san na waye farin nan? An mayar da shi abin da zai fito da koren riga kawai.

Abu Huzaifa:
Wannan kam Dakta babu musu, abin da aka yi a Jaranwala zalunci ne kuma addini bai yarda da shi ba, manyan malamansu ma sun fito sun yi tir. Wanda ke zaune da kai da amana jininsa da dukiyarsa da wajen ibadarsa haramun ne a kanka. Saɓanina da ke a kan zamanin Ziya ne kawai, kuma ina nan a kan bakana.

Sadiq Kurket:
Anti Ummi tambaya, su sauran ranakun fa, 23 ga Maris da 6 ga Satumba, nan ma kore da farin ake yi? Don ni a bidiyo sojoji kawai nake gani.

Dakta Ummi:
Sadiq ba kamar Agusta ba. 23 ga Maris ranar ƙudurin Lahore ce na 1940, wanda a cikinsa aka nemi a ba Musulmin Indiya ƙasarsu, ita ta gwamnati ce da sojoji, fareti a Islamabad wanda aka dakatar na wasu shekaru saboda tsaro aka dawo da shi a 2015, shugaban ƙasa da sherwani, a raba lambobin girma, sai motocin larduna kowa da shigar garinsu. Mutanen gari hutu kawai suke yi su kalla a talbijin, kamfanoni dai suna ɗan saka rangwame. 6 ga Satumba kuma ta tunawa da yaƙinsu da Indiya na 1965 ce, a nan kakin soja na yara ake saye, za ka ga ɗan shekara huɗu da kaki mai dabbare-dabbare da hula. In kana son ka ga kore da fari ba a Agusta ba to ka je Wagah, iyakarsu da Indiya kusa da Lahore inda ake sauke tuta da yamma, 'yan kallo da tuta da fenti a kumatu, su kuma dakarun Rangers baƙaƙen shalwar kamis ne a jikinsu da rawani mai tsayayyen geza kamar mafici, na Indiya a ɗaya ɓangaren suna cikin kaki.